Bakin Buhu da Gindin Buhu

Ina yaro, duk shekarar da abin da muka noma ba zai kai mu wata kakar ba, mahaifina yakan goya ni a kekensa daga Unguwar Ya mu tafi kasuwar Birnin Kudu ƙaro dawa. Ban taɓa ganin ya sayi buhu da ido kawai ba. Mai hatsi zai kwance bakin buhu, sai ga dawa jawur, tsaba manya-manya kamar an wanke ta. Baba ko kallon wannan ba ya yi. Sai ya naɗe hannun riga, ya nutsa hannunsa cikin buhun har gwiwar hannu, ya damƙo daga can ƙasa, ya baza a tafinsa ya hura. In ƙaiƙayi ya tashi, ko tsakuwa ta zauna a tafin, ko ya ji sanyin danshi a yatsunsa, sai ya karkaɗe hannu ya ce, "Allah ya kawo kasuwa," mu yi gaba. Wata rana na tambaye shi mene ne na wannan wahala, alhali ga dawa a fili kowa yana gani. Ya ce da ni, "Ɗana, bakin buhu na mai sayarwa ne. Gindin buhu shi ne namu, shi za mu ci."

Maganar nan ta yi ta dawo mini a 'yan shekarun nan, tun da cinikin gida da fili ya shige cikin waya. Hoton da ake sawa a Facebook ko a tura wa mutum ta WhatsApp bakin buhu ne. Mai sayarwa ne ya zaɓi abin da zai sa a sama, shi ya zaɓi lokacin ɗauka da kusurwar da zai tsaya. Mai saye kuwa yana can nesa, ba shi da hannun da zai nutsa. Ga shi kuma buhun dawa wata biyu ne ya ƙare, in an cuce ka ka yi haƙuri ka kiyaye gaba. Gida kuwa gumin shekara goma ne ko ashirin, a ciki za ka haifi 'ya'ya, a ciki za a yi maka wanka ranar da ta Allah ta kasance.

A da, in mutum yana neman gida a Birnin Kudu ko Gwaram ko Sara, dillali zai faɗa wa, su taka da ƙafa su je. Zai ƙwanƙwasa bango ya ji ko yaɓe ne ya rufe ruɓaɓɓen tubali. Zai ɗaga kai ya duba azara ko gara ta ci. Zai leƙa rijiya, ya zagaya makewayi, ya ga inda indararo yake zubarwa. In la'asar ta yi ya bi jam'i a masallacin unguwar, kafin a watse ya ji rabin tarihin gidan daga bakin maƙwabta. Shi kansa dillalin ɗan gari ne, an san zaurensa, an san surukansa, yana da 'ya'yan da zai aurar. Kunyar idon jama'a ta isa ta riƙe masa harshe. Ranar da ciniki ya faɗa, mai unguwa yana zaune, shaidu suna zaune, a rubuta takarda, a ba dillali la'adarsa, a shafa fatiha.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, intanet ta biyo bayanta cikin aljihun kowa. Yau akwai kasuwanni sukutum a cikin waya: Jiji da aka buɗe a Legas a 2014, da irin su PropertyPro da Nigeria Property Centre waɗanda suka fi ƙarfi a manyan birane. Mu a nan kudancin Jigawa, cinikin ya fi gudana ta Facebook da WhatsApp da TikTok. Wannan ci gaba ne, kuma ina murna da shi, domin masu sayen gidajenmu yanzu yawancinsu ba sa gari. 'Ya'yanmu ne da neman abinci ya kai Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, har da Saudiyya, kowa yana tara ɗan abin da zai kafa matsuguni a gida. Akwai kuma baƙin da aiki ya kawo mana: ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da malamai, da ɗaliban da suka cika Dutse tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a 2011. Duk waɗannan da hoto suke fara ganin gida. Shi ya sa kyan talla ko muninta ya zama abin da ke yanke hukunci tun kafin ƙafa ta taka ƙofar gidan.

Na ga wannan a cikin gidanmu. Ƙanena yana aiki a Fatakwal, ya shekara da shekaru yana ƙulla kuɗin gida. Wata rana cikin watan Agusta ya turo mini hotuna huɗu da ɗan gajeren bidiyo mai kiɗa, ya kira ni muryarsa har rawa take yi. "Yaya, ka ga gidan nan? Ƙofar ƙarfe shuɗiya, ciki da falo biyu, ga tayil. Dillalin ya ce wani ya riga ya taya, in ban tura kafin alƙalami kafin Juma'a ba zai sallama masa." Na ce ya ba ni kwana biyu.

An yi ruwa daren da zan je. Tun daga bakin lungun na jingine babur, na naɗe wando, na shiga ruwa har idon sawu. Ƙofar shuɗiya ce kamar yadda aka nuna, tayil ma yana nan. Amma falon da ya fito a hoto kamar filin idi, tabarma biyu ce ta cika shi, domin daga lungun ɗaki aka tsaya aka ɗauka da irin saitin nan na waya mai buɗa wuri. A jikin bangon, daidai gwiwata, sabon fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, na sa farce na ɓanɓare sai ga tsohon layin ruwa baƙi ƙirin a ƙarƙashi. Da na zagaya baya, sai ga kududdufi cike fal, tazararsa da katangar ba ta fi taku goma ba. Wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Ɗana, kai ne mai sayen? To ka zo a kan gaɓa. Da rani ka zo, da ba abin da za ka gani. Mu nan duk damina a kan gado muke ɗora tukwane." Na juya ga dillalin, sai ya ce, "Malam, ai ba wanda ya tambaye ni maganar ruwa."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu ƙarya ko ɗaya a cikin hotunan nan huɗu. Da rani aka ɗauke su, aka zaɓi abin da ido zai so, aka juya wa kududdufi baya. Dawa ce jawur a bakin buhu, jiƙaƙƙiya a gindi. A jihar da ta ga ambaliyar 2022, wadda ta ci gidaje da gonaki ba adadi, tallan gidan da bai ce komai game da ruwa ba ya ɓoye abu mafi girma da mai saye yake buƙatar ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shirunsa a kan yoyon nan shi ne ha'incin.

Kada a ɗauka ina nufin gyara kaya laifi ne. Ku dubi Bafulatanar da ke kawo nono gari. Tana wanke ƙwaryarta tas, ta goge ludayi, ta rufe da faifai mai ado. Mai tumatir yana jera kashinsa, ya yayyafa ruwa don ya yi sheƙi. Wannan tsafta ce da girmama mai saye, kuma kowa ya fi son tsayawa a gabansu. Laifi yana farawa ne daga lokacin da aka tsinka nonon da ruwa aka kaɗa garin kuka don ya yi kauri, ko aka tura ruɓaɓɓen tumatir ƙarƙashin kashi. Haka gida yake. Ka share tsakar gida, ka kwashe shanya, ka buɗe tagogi haske ya shiga, ka ɗauki hoto da hantsi, duk wanke ƙwarya ne. Amma ka shafa fenti a kan layin ambaliya, ko ka sa hoton gidan yadda yake shekara bakwai da suka wuce, ko ka goge wayar wutar lantarki mai ƙarfi da ta ratsa saman rufin, wannan ruwa ne a cikin nono.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato mai kyakkyawar dawa a cikin yagaggen buhu. Wani kawuna a ƙasar Gwaram ya so sayar da gidansa don ya koma kusa da 'ya'yansa. Gida ne na bulo a kan tudu, da rijiyar da ba ta ƙafewa, da bishiyar darbejiya a ƙofa. Jikansa ya ɗauki hoto uku da almuru, duhu ya fara, ga bokiti a kife, ga akuya ta shigo rabin hoton. Aka rubuta a ƙasa: gida na sayarwa, mai buƙata ya kira. Ba girman fili, ba yawan ɗakuna, ba unguwa, ba farashi. Wata da watanni ba wani mai saye na kirki da ya kira. Waɗanda suka kira kuwa, masu neman ɓagas ne, domin hoton ya faɗa musu cewa mai gidan nan a matse yake ko bai san darajar kayansa ba. Kawu ya fara cewa kasuwa ce ta mutu. Kasuwa tana nan da ranta, buhunsa ne ba wanda ya ga dalilin kwancewa.

Ɓoye farashi ma wata cuta ce da ta zama ruwan dare. A kasuwa mun saba da tayi da albarka, amma ko a can mai kaya yakan sa suna, sannan a fara ja. Wanda ya ƙi sa wa kayansa suna sai ya ga takalminka da agogonka, kowa ya san abin da yake nufi. A waya abin ya fi haka muni, domin hoto ɗaya yana bin hannu goma. Dillali na farko ya tura wa na biyu, na biyu ya ɗora nasa ya tura wa na uku, har ka ga ƙofa ɗaya da farashi uku a mako guda. Mai saye mai hankali da ya ga haka sai ya janye gaba ɗaya. Mai gida yana zaune bai san an yi wa kayansa tsada ba, shi dai ya ga shiru. Kuma gida kamar kayan miya yake a wannan fuska: in ya daɗe a kasuwa ya yi kwantai, sai mutane su fara tambayar me ke damunsa. Wasu su ce rigimar gado ce, wasu su ce aljanu. A ƙarshe a sayar da shi ƙasa da abin da zai yi tun farko da an faɗi farashin gaskiya ranar da aka fitar da shi.

Sai kuma mai tallan buhun da ba nasa ba. A tike, in za ka sayi sa ko rago, dillali ne ke tsaya maka cewa ba na sata ba ne, kuma akwai shugabannin kasuwa da za a kai ƙara gabansu in magana ta taso. A waya babu Sarkin Tike. Mutum zai kwafi hoton gidan wani, ya sa lambarsa, ya karya farashi yadda zai ja ido, sannan ya nemi kuɗin gani ko kafin alƙalami. Da kuɗi sun shiga, lamba ta rufe. Baƙon da aka turo aiki garin da bai san kowa ba, da ɗalibin da ke neman ɗakin haya kafin a koma makaranta, su suka fi faɗawa wannan rami. Duk wanda ya zaga Kano ko Kaduna ko Abuja ya ga gidajen da aka rubuta wa a bango da manyan baƙaƙe cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Rubutun nan tabo ne na cutar da ta riga waya zuwa, waya kuwa ta ƙara mata ƙafa. Hausawa sun daɗe da hana cinikin biri a sama, kuma sun ce araha ba ta ado.

Ɓarnar mugun talla ba ta tsayawa a kan wanda aka cuta. Bayan abin da ya faru, ƙanena ya rantse ba zai ƙara kallon gida a waya ba. Cikin waɗanda ya ƙi dubawa na tabbata akwai na mutanen kirki. Manoman riɗi na Jigawa sun san wannan darasi. In aka san wani gari da zuba yashi a buhu, ɗan kasuwar da ya zo daga kasuwar Dawanau ba zai tsaya tantance mai gaskiya da maƙaryaci ba, zai rage kuɗin kowa ne don ya fanshe yashin da yake zato. Manomin da ya sheƙe riɗinsa tas sai ya ga ba riba a tsaftarsa, ko ya kai kayansa wata kasuwa ko shi ma ya fara zubawa. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin wannan a 1970 da misalin kasuwar tsofaffin motoci: in mai saye ba shi da hanyar gane mai kyau daga mara kyau, farashi yakan faɗi, masu kaya mai kyau su janye, kasuwa ta rage sai tarkace. Aikin nan yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya rubuta da lissafi, Baba ya san shi da tafin hannu. Kowane tallan ƙarya da aka saki yana rage darajar gidan maƙwabcin da bai yi wa kowa ƙarya ba.

Addininmu bai bar wannan fage ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa mai albarka a ciki, yatsunsa suka ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya nuna masa cewa kamata ya yi jiƙaƙƙen ya kasance a sama inda mutane za su gani, kuma ya nesanta mai algus daga tafarkinsa. A lura, ba a hana mutumin sayar da jiƙaƙƙen abinci ba, an umarce shi ne ya bayyana. Gidan da ke bakin kududdufi ma yana da mai sayensa, wanda zai saya da saninsa, a farashin da ya dace, ya yi ciko ya gina magudana. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Zalunci shi ne a miƙa maka rariya a ce kwano ce.

Malamanmu na Malikiyya sun ma yi maganar cinikin nesa tun kafin a yi mafarkin waya. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, malamin ƙarni na 10 wanda ake karanta littafinsa a zaurukan ƙasar Hausa har gobe, an halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, an kuma hana ɓoye aibi. Hukuncin mazhabar shi ne, in kaya ya zo daidai da siffar da aka faɗa ciniki ya tabbata, in ya saɓa mai saye yana da zaɓin fasawa. Ashe hoto da bayanin da ke ƙarƙashinsa siffa ce, kuma siffa alkawari ce da za a tambayi mutum a kanta. Haka nan ƙirƙirar mai tayin da babu shi, irin na "wani ya riga ya taya, ka yi sauri," ɗan'uwan najashi ne da shari'a ta hana, wato zuga farashi don a ruɗi mai saye.

Gindin buhu na gaskiya a cinikin gida shi ne takarda. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A cikin birni gwamna ne ke ba da izinin mallaka da satifiket ɗin da aka fi sani da C of O, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izini na gargajiya, kuma mayar da mallaka daga hannu zuwa hannu yana buƙatar amincewar hukuma. Don haka tallan da ya ce "takardu sun cika" bai ce komai ba. Wace takarda? Awon gwamnati ne ko awon igiya? Takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da dagaci, ko satifiket? In gidan gado ne, an raba? Duk magada sun yarda, har da matan da ke aure a wasu garuruwa? Ba a jinginar da shi ba? Rigingimun fili da suka cika kotunanmu da yawansu daga waɗannan tambayoyi ne da ba a yi ba ranar ciniki.

Hukuma ma tana da abin cewa. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yaudarar mai saye da bayanin ƙarya, kuma dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace ta haɗa har da na intanet. Sai dai daga Abuja zuwa Unguwar Ya tafiya ce mai nisa. Abin da ke kusa da mu shi ne masu unguwanni da dagatai da hakimai na masarautar Dutse, da shugabannin dillalai, da limaman Juma'a. Su ne za su iya mayar da kunyar nan ta da cikin sabuwar kasuwa, ta hanyar sanin su wane ne dillalan gari, da tsawatar wa wanda aka kama da tallan ƙarya, da ƙin sa hannu a cinikin da mai gida bai bayyana da kansa ba.

Bari in koma ga kawuna, domin labarinsa bai ƙare a kwantai ba. Da na je gaishe shi na ce, "Kawu, a bar ni in sake tallan nan." Muka sa yara suka share gida, aka ɗaure awaki. Da hantsi na fara ɗaukar bidiyo tun daga bakin titi, ina tafe ina magana, ban yanke ba har na shiga zaure, na ratsa tsakar gida, na buɗe kowane ɗaki, na zura guga a rijiya na jawo ruwa a gaban kyamara. Da muka zo katangar baya inda ta tsage, Kawu ya ce, "Nan ma za ka nuna?" Na ce, "Kawu, in ba mu nuna ba, shi zai gano, kuma ranar da ya gano da ita zai karya mana farashi." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Nuna." Muka rubuta girman filin ƙafa-ƙafa, da yawan ɗakuna, da irin takardar da ke hannu, da nisan gidan da masallaci da makarantar firamare, da ranar da aka ɗauki hoton, da farashi, da cewa mai gida da kansa za a yi magana.

Kiran da aka yi bai kai na da yawa ba, amma duk wanda ya kira da niyyarsa ya kira. Wani malamin makaranta ya zo da wansa da magini. Ya zaga gidan, ya tsaya a gaban tsagar nan ya shafa ta, ya juyo ya ce, "Baba, abin da na gani a waya shi na tarar." Maginin ya faɗi abin da gyaran zai ci, aka ɗan rage, Kawu ya ce ya sallama. A zama ɗaya aka gama, gaban mai unguwa da shaidu. Ba wanda ya ɓata kuɗin mota a banza, ba wanda ya koma gida da ciwon rai. Tsagar da Kawu ya ji tsoron nunawa ita ta sa mai sayen ya gaskata sauran abin da muka faɗa.

Wannan shi ne amfanin talla mai kyau ga ɓangarorin biyu. Tana tace masu saye tun daga nesa, wanda gidan bai yi masa ba ya san haka yana zaune a ɗakinsa, wanda ya yi masa kuwa ya zo da rabin yarda a zuciyarsa. Tana rage ja-in-ja, domin babu abin mamakin da za a tarar. Tana kuma gina sunan dillali. Dillalin da aka san hotonsa ba ya ƙarya, ɗan garin da ke Legas zai ba abokinsa lambarsa, abokin ya ba wani, la'adarsa ta yi ta zuwa shekara da shekaru. Wanda ya ci ta hanyar ruɗi kuwa sau ɗaya zai ci, domin wayar da ta yaɗa tallansa ita za ta yaɗa labarinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ga mai saye, nasihata ita ce ta Baba. Hoto ya kira ka ne kawai, bai sayar maka ba. Gani ya kori ji, kuma zuwa da kai ya fi aike. In nisa ya hana ka, tura ɗan'uwan da ba shi da kaso a la'ada, ya kira ka ta bidiyo yana tafe a cikin gidan, kai kana cewa juya nan, buɗe can. In da hali a je da damina, washegarin ruwa. A gaisa da maƙwabta, a ga mai unguwa, a kai takarda ofishin filaye a tantance, a zauna da mai gidan ido da ido. Kada kobo ya fita kafin wannan, komai yawan masu tayin da aka ce suna layi. Gidan da Allah ya rubuta naka ne ba zai gudu saboda kwana uku na bincike ba.

Ku kuma 'yan'uwana dillalai da masu gidaje, musamman matasan da suka iya waya suka shigo wannan sana'a, ku riƙe ta da mutunci, sana'ar iyaye ce. Wanda ke kallon hotonku a Fatakwal ko Makka ɗan wani ne a garin nan, kuɗin da zai turo kuwa guminsa ne na shekaru. Tunda ba shi da hannun da zai nutsa cikin buhu, ku ku zama hannunsa. Ku wanke ƙwarya iyakar iyawarku, ku ɗauki hoto mai haske, ku faɗi farashi, sannan ku juyo da kyamara ta kalli kududdufin. Allah ya sa albarka a cinikinmu, ya ba kowa matsuguni na halal.